Filin Jirgin Saman Jidda: Abin da ya kamata matafiyi ya sani kafin sauka da kafin tashi

Filin Jirgin Saman Ƙasa da Ƙasa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda shi ne babbar ƙofar shiga Makka ta sama, domin birnin na Makka ba shi da filin jirgin fasinja. Yana arewa da tsakiyar Jidda da tazarar kimanin kilomita 19, kuma tsakaninsa da Masallacin Harami akwai tafiyar kusan kilomita 100. A jikin tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka ana rubuta sunansa da haruffa uku, JED. A shekarar 2024 fasinjoji fiye da miliyan 49 suka bi ta cikinsa, abin da ya sa ya zarce duk filayen jiragen saman Saudiyya yawan jama'a.

Sunan filin ɗaya ne, amma tashoshin fasinjan da ke cikinsa uku ne, kuma suna nesa da juna ta yadda ba a zuwa daga wata zuwa wata a ƙafa. Tashar da jirgi zai sauka ko zai tashi ita ce ke nuna irin abin hawan da mutum zai samu, da tsawon jiran da zai yi, da abin da zai tarar na ci da sha da wurin hutawa. Wahalar da baƙi ke sha a Jidda sau da yawa tana farawa ne daga rashin sanin wannan.

Taƙaitaccen tarihi

Tun ƙarnoni da dama Jidda ce mashigar alhazai ta teku. Mutanen ƙasar Hausa da na Barno kan ratsa Chadi da Sudan a ƙafa ko a kan dabbobi, tafiyar watanni ko shekaru, sannan su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin su sauka a gaɓar Jidda. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara karɓe wannan hanya, musamman daga Kano. A lokacin jirage na sauka ne a tsohon filin da ke unguwar Kandara, wanda daga baya gari ya kewaye shi, ya kuma kasa ɗaukar yawan alhazai.

An buɗe filin na yanzu a 1981, aka sanya masa sunan Sarki Abdul'aziz Al Sa'ud, wanda ya kafa Masarautar Saudiyya. 'Yan Najeriya na tuna filin da wani abin baƙin ciki: ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin da ya ɗauko alhazai zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa, ya faɗi yayin da yake ƙoƙarin komawa, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya.

Sauyi mafi girma ya zo ne da sabuwar tashar da ake kira Tasha ta 1. Ta fara aiki kaɗan-kaɗan a watan Mayun 2018, Sarki Salman ya ƙaddamar da ita a watan Satumbar 2019. Bayan haka aka daina amfani da tsohuwar Tashar Kudu wadda jiragen Saudia suka shafe shekaru suna tashi daga cikinta. Saboda haka wanda rabonsa da Jidda ya haura shekara bakwai, zai tarar da tsarin da ya sani ya canja.

Tashoshi uku

Tasha ta 1 ita ce mafi girma kuma mafi sabunta. Faɗin gininta ya kai murabba'in mita 810,000, tana da ƙofofin shiga jirgi 46, an kuma tsara ta don ɗaukar fasinja miliyan 30 a shekara. Nan ne cibiyar jiragen Saudia, kuma kamfanonin ƙasashen waje da dama sun koma can. Jiragen cikin gida zuwa Riyad da Madina da Dammam su ma daga nan suke tashi. Ita kaɗai ce ke haɗe da tashar jirgin ƙasa.

Tashar Arewa tsohuwa ce, tun zamanin buɗe filin. Wasu kamfanonin ƙasashen waje, musamman masu araha, suna amfani da ita. Ba ta kai ta farko faɗi ko wadatar shaguna ba, kuma galibi motar bas ce ke kai fasinja gindin jirgi ko ta ɗauko shi daga can. Tsoho ko mai ciwon ƙafa ya san cewa akwai hawa da saukar matakalar jirgi a gabansa.

Tashar Alhazai, wadda mahajjata da yawa ke kira Madinatul Hujjaj, ita ce ke karɓar jiragen jigilar aikin Hajji da wasu na Umara. Ana gane ta daga nesa da rufinta mai kama da jerin fararen tantuna guda 210, waɗanda aka yi da wani ƙyalle mai ƙarfi na zaren gilashi aka rataye su a jikin dogayen ginshiƙan ƙarfe. Kamfanin SOM na Amurka ne ya zana ta, injiniyan da ya jagoranci aikin kuwa shi ne Fazlur Rahman Khan, haifaffen Bangaladash. Rufin yana mayar da mafi yawan zafin rana, gefuna kuma a buɗe suke don iska ta riƙa ratsawa. Ginin ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1983, kuma an tsara shi ya ɗauki mutum 80,000 a lokaci guda. A ƙarƙashin tantunan akwai ɗakuna masu na'urar sanyaya wuri inda ake duba fasfo da kaya, sai kuma makeken filin jira wanda ba shi da bango.

A jikin tikiti akan nuna tashar da lamba 1, ko harafin N na Tashar Arewa, ko H na Tashar Alhazai. Kamfani kan iya sauya tasha, musamman a watan Azumi da lokacin Hajji, don haka yana da kyau a sake dubawa kwana ɗaya kafin tafiya. Haka kuma ba dole ba ne mutum ya tashi daga tashar da ya sauka. Direbobin Jidda sun fi gane sunayen da Larabci: Sala Wahid ita ce Tasha ta 1, Sala Shamaliyya ita ce ta Arewa, Salatul Hujjaj kuma ta Alhazai. Cewa direba “Matar” kawai, wato filin jirgi, bai wadatar ba. Tsakanin Tasha ta 1 da tashoshin biyu na arewa tafiyar mota ce ta minti 20 zuwa rabin sa'a, wadda ta isa ta sa jirgi ya bar mutum idan aka sauke shi inda ba nan ba ne.

Shirin da ake yi tun daga gida

Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida kafin wa'adinsa ya ƙare. Biza kuma ta dace da abin da aka je yi, domin jami'an Jidda na da ikon soke ta a bakin ƙofa. A watan Nuwambar 2023 an soke bizar fasinjojin wani jirgi da ya taso daga Najeriya bayan sun sauka, aka mayar da 177 daga cikinsu gida. Hukumomin Saudiyya suka ce an nemi bizar ne da bayanan da ba su dace da masu riƙe da ita ba. Wanda wakili ya nema wa biza, ya buƙaci a nuna masa takardar ya karanta irinta da wa'adinta da idonsa. Bizar ziyara ko ta Umara ba ta ba da damar aikin Hajji. A 2025 hukuncin wanda aka kama yana yunƙurin Hajji ba tare da izini ba ya kai tarar riyal 20,000, da kora, da hana shiga ƙasar na shekara 10.

Ana buƙatar shaidar allurar rigakafin sanƙarau ga mai zuwa Hajji ko Umara. Masu fitowa daga ƙasashen da ake samun cutar shawara, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, sai sun nuna katin rigakafinta, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Jami'an lafiya kan ɗiga wa masu zuwa daga wasu ƙasashe maganin rigakafin shan inna a wurin sauka, babba ne ko yaro. Katin ya zauna tare da fasfo a jakar hannu.

Batun kaya shi ne mafi haɗari. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yakan kai ga kisa, kuma wanda sunansa ke jikin jaka shi ake fara kamawa. A 2025 an tsare wasu 'yan Najeriya uku a Jidda bayan an samu ƙwayoyi a jakunkunan da ke ɗauke da sunayensu. Binciken Hukumar NDLEA ya nuna wasu ɓata-gari ne a filin jirgin da suka taso suka liƙa wa jakunkunan sunayen ba da saninsu ba, kuma sai bayan makonni aka sake su. Saboda haka matafiyi ya tsaya a gaban teburin awo har a gama, ya ƙirga jakunkunansa, ya tabbatar adadin ƙananan takardun shaidar kaya da aka ba shi ya yi daidai da adadin jakunkunan, ya kuma adana su har ya dawo gida. Kada ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba, ko da daga wanda ya sani ne. Goro ma yana cikin abin da aka hana shiga da shi, kuma Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, tana maimaita wannan gargaɗi kowace shekara. Mai shan magani kullum ya tafi da shi a cikin kwalinsa na asali, haɗe da takardar likita.

Sai maganar harami. Mafi yawan malamai na ganin Jidda ba miƙati ba ce ga wanda ya zo daga wata ƙasa, domin jirgi kan wuce saitin miƙati tun yana sama. Saboda haka mai niyyar zarcewa Makka kai tsaye yakan yi wanka ya ɗaura mayafan harami tun kafin ya hau jirgi, ko a filin da ya yada zango, sannan ya yi niyya ya fara talbiyya idan an sanar da kusantar miƙati. Jiragen Saudia da wasu kamfanoni kan yi wannan sanarwa, amma ba kowane jirgi ba. Wasu malamai sun yi rangwame ga wanda ya tsallako Bahar Maliya daga ɓangaren Sudan, don haka ya kamata maniyyaci ya warware mas'alar da malaminsa tun a gida. Kuskuren da aka fi yi shi ne saka mayafan a babbar jakar da aka auna, sai lokacin niyya ya zo suna cikin cikin jirgi. Wanda zai fara da Madina ba ya buƙatar harami a jirgi, domin miƙatinsa Zul Hulaifa ne, wurin da ake kira Abyar Ali a bayan garin Madina.

Bayan jirgi ya sauka

Jirgin da ya taso kai tsaye daga Kano yakan yi sa'a huɗu da rabi zuwa biyar a sama. Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da sa'a biyu, yana gaba da na Ghana da sa'a uku. Duk lokacin da aka rubuta a tikitin dawowa ko na jirgin ƙasa, na Saudiyya ne.

A Tasha ta 1 fasinja yana fita daga jirgi ta doguwar gada ya shiga gini. Ɓangaren jiragen ƙasashen waje yana da nisa da babban zaure, shi ya sa aka sanya wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mara direba da ke kai mutane kyauta. Allunan nuna hanya da Larabci da Ingilishi suke. A teburin shige da fice ana karɓar fasfo, a ɗauki hoton fuska da tambarin yatsu. Ana iya tambayar sunan masauki da tikitin komawa, don haka a riƙe su a takarda ko a waya. Ɗaukar hoton jami'ai ko na wurin bincike laifi ne. Lalle mai kauri a kan yatsu yakan hana na'ura karanta tambarin, abin da ke jawo wa mata jinkiri a layi.

Daga nan sai zauren karɓar kaya, inda allo ke nuna lambar jirgi da lambar bel ɗin da kayansa za su fito. Jakunkunan alhazan jiha ɗaya iri ɗaya ne, saboda haka rubuta suna da manyan haruffa da ɗaura wani ƙyalle mai launi na rage ruɗani. A wurin kwastam akwai hanya mai alamar kore ga wanda ba shi da abin bayyanawa, da mai alamar ja ga wanda yake da shi. Hukumar kwastam ta Saudiyya ta daɗe tana aiki da ƙa'idar cewa duk mai ɗauke da kuɗi ko zinare ko duwatsu masu daraja da suka kai riyal 60,000 ya bayyana su, shiga ko fita, kuma 'yan kasuwa su duba ƙa'idar da ke aiki a lokacin tafiyarsu. A ɓangaren Najeriya kuwa doka ta wajabta bayyana abin da ya haura dala 10,000.

A Tashar Alhazai tsarin na ayari ne. Bayan lafiya da fasfo da kaya da kwastam, ana fito da alhazai filin jira na ƙarƙashin tantuna, inda aka ware wa kowace ƙasa wurinta. Jami'an ƙasar mutum da na kamfanin da ke yi wa alhazai hidima su ne ke haɗa su da motocin da za su kai su Makka ko Madina. Alhaji ba ya neman mota da kansa, kuma fita daga ayari yakan jawo ɓata. Jira a nan yana iya kai sa'o'i, ga Jidda da zafi mai gumi saboda kusancin teku, don haka ruwan sha da ɗan abin taɓawa da magani su kasance a hannu. Akwai banɗakuna da wuraren alwala da na salla da asibitin sha-ka-tafi. A 'yan shekarun nan mafi yawan alhazan Najeriya Madina ake fara sauke su, don haka da yawansu ba sa ganin wannan tasha sai a ranar komawa.

Hanyoyin zuwa Makka da Madina da cikin gari

Jirgin ƙasa mai gudu na Haramaini ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktobar 2018, tasharsa ta filin jirgi kuma ta soma aiki a ƙarshen 2019. Tsawon layin kimanin kilomita 450 ne, gudun jirgin yana kai kilomita 300 a sa'a, kuma kowanne yana da kujeru 417. Tashoshinsa biyar ne: Makka, da Sulaimaniyya a cikin Jidda, da filin jirgi, da Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, da Madina. Daga filin jirgi zuwa Makka bai cika sa'a ɗaya ba, zuwa Madina kuma kusan sa'a biyu. Wanda ya sauka a Tasha ta 1 zai isa tashar jirgin ƙasan a ƙafa ba tare da ya fita waje ba. Wanda ya sauka a Tashar Arewa sai ya fara neman bas ɗin da ke zirga-zirga tsakanin tashoshin ko ya ɗauki tasi.

Ana sayen tikiti ta manhajar jirgin ko shafinsa na intanet ko a tashar, kuma kowane tikiti na da lokacinsa da lambar kujerarsa. A watan Azumi kujeru kan ƙare kwanaki kafin ranar tafiya. Mai saye tun daga gida ya bar tazarar aƙalla sa'a biyu zuwa uku tsakanin saukar jirgin sama da tashin na ƙasa, saboda layin fasfo da jiran kaya. Abin da aka yarda fasinja ya shiga da shi shi ne babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba da ƙaramar jakar hannu. Haka kuma jirgin ba ya kai mutum bakin Harami: tashar Makka tana unguwar Rusaifa, kilomita uku zuwa huɗu daga masallacin, ta Madina kuma ta fi haka nisa da Masallacin Annabi (SAW). A duka biyun sai an ƙara da tasi ko bas.

Ga iyali ko mai kaya da yawa, mota takan fi sauƙi domin tana kai mutum har ƙofar masauki. Daga filin jirgi zuwa Makka tafiyar sa'a ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi idan hanya ba cunkoso, zuwa Madina kuma sa'a huɗu ko fiye. Motocin tasi masu rajista launin kore ne, suna layi a wajen zauren sauka. Manhajojin Uber da Careem suna aiki, kuma suna nuna kuɗin tafiya tun kafin a shiga. Akwai masu motocin gida da ke tare baƙi a bakin ƙofa suna kiran “Makka, Makka”. Aikinsu ya saɓa wa doka, kuma babu inda za a kai ƙara idan jaka ta ɓata ko aka sauya farashi a hanya. Duk motar da ba ta manhaja ba, a yi ciniki a gama kafin a loda kaya, a kuma fayyace ko kuɗin na mota ne gaba ɗaya ko na kowane mutum. A hanyar Makka akwai shingen bincike na Shumaisi, inda ake duba takardu musamman idan Hajji ya gabato, kuma wanda ba Musulmi ba ba ya wuce iyakar Harami.

Mai zuwa cikin Jidda, kamar 'yan kasuwar da ke nufin tsohuwar unguwar Balad, yana iya hawa tasi, tafiyar kimanin rabin sa'a, ko motar bas da ke tashi daga Tasha ta 1.

Kuɗi da waya da wurin hutawa

Kuɗin ƙasar riyal ne, kuma tun 1986 darajarsa a tsaye take kan riyal 3.75 a dala ɗaya. Akwai wuraren canji da na'urorin cirar kuɗi a zauren sauka, sai dai farashin canji a filin jirgi bai kai na cikin gari kyau ba, don haka a canja abin da zai isa mota da abinci kawai. Ba a dogara da naira ko sefa a wajen canji. Dala ce aka fi karɓa, sababbin takardu marasa yaga.

Kamfanonin waya uku manya, STC da Mobily da Zain, suna da teburan sayar da layi. Ana yin rajista da fasfo da tambarin yatsa, kuma layin da ke kan sunan mutum shi ke da alhakinsa, don haka kada a saya wa wani da sunan kai, kada kuma a karɓi wanda aka riga aka yi wa rajista. Layi mai intanet yana da amfani tun daga ranar farko, domin manhajar Nusuk ce ake neman izinin ziyarar Rauda da ita. Lambar neman agajin gaggawa a yankin Makka, wanda Jidda ke cikinsa, ita ce 911.

A Tasha ta 1 akwai wuraren salla na maza da na mata, da gidajen abinci, da kantunan magani, da otal a cikin ginin ga masu doguwar jira. A zauren sauka akwai wani dogon tankin kifaye na gilashi mai tsawon mita 14, wanda masu tarbar baƙi kan yi alƙawarin haɗuwa a gindinsa saboda ba ya ɓuya. Keken guragu kyauta ne ga tsofaffi da marasa lafiya, amma ana neman sa ne daga kamfanin jirgi tun lokacin sayen tikiti ko aƙalla kwana biyu kafin tafiya.

Ranar komawa

Ga jirgin ƙasashen waje, a isa tashar sa'a uku zuwa huɗu kafin lokacin tashi. Mai tasowa daga Makka ya ƙara lokacin hanya a kai, ya kuma yi la'akari da cunkoson bayan sallar Juma'a da na daren goman ƙarshe na Azumi. Alhazan ayari kuwa jami'ai ne ke tsara fitowarsu, kuma akan kawo su Tashar Alhazai sa'o'i masu yawa kafin tashi, manyan jakunkunansu kuma an riga an auna su tun a Makka.

Hukumar filin jirgin ta hana karɓar kayan da aka ɗaure da igiya, da waɗanda aka naɗe a bargo ko zane, da ƙunshin da ba shi da shimfiɗaɗɗen gefe, da jaka mai dogayen maɗaurai a sake, domin suna maƙalewa a bel ɗin da ke jan kaya. Wanda ya zo da irinsu sai ya sake shiri a kwali ko akwati a tsakiyar jama'a. Kuɗin rarar nauyi na da tsada, don haka a auna tsaraba tun a masauki. Almakashi da reza da wuƙa su shiga babbar jaka. Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka kuma a hannu ake riƙe shi, ba a auna shi. Duk abu mai ruwa da ke jakar hannu, har da turare da zuma, kada mazubinsa ya wuce mililita 100.

Ba a yarda a saka ruwan Zamzam a cikin jaka ba, ko kaɗan ne. Na'urar bincike na gano shi, a buɗe jakar a cire, wani lokaci kuma jakar ta rasa jirgin. Hanyar da aka amince ita ce jarka ɗaya mai lita 5 a cikin kwalinta na hukuma, wadda ake sayarwa a wuraren da aka keɓe a filin jirgi ga wanda ya nuna shaidar Umara, kuma ana auna ta dabam. Ba kowane kamfani ke ɗaukarta kyauta ba, sai a tambaya. Alhazan Najeriya da suka tafi ta hannun hukuma kuwa, an saba kai musu nasu gida a raba musu bayan sun sauka.

Idan kaya sun ɓata ko jirgi ya yi jinkiri

Wanda jakarsa ba ta fito ba, ko ta fito a fashe, kada ya bar zauren karɓar kaya sai ya je teburin ƙorafin kaya ya cike takardar rahoto, ya karɓi lambar bibiya. Za a nemi ƙaramar takardar shaidar kayan da aka ba shi a wurin awo, da katin shiga jirgi, da adireshin masauki. Bayan an fita daga zauren, tabbatar da ƙorafi yana wuya.

Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Saudiyya, GACA, ta fara aiki da sababbin ƙa'idojin kare haƙƙin fasinja a watan Nuwambar 2023. A ƙarƙashinsu diyyar jakar da ta ɓata ko ta lalace tana iya kai riyal 6,568. Idan jirgi ya yi jinkiri, wajibi ne kamfani ya ba fasinja abin sha da abinci gwargwadon tsawon jiran, idan kuma jinkirin ya haura sa'a shida akwai masauki da diyyar riyal 750, sai fa inda dalilin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi. Ana fara kai ƙorafi wurin kamfanin jirgin a karɓi lambarsa, idan bai biya buƙata ba sannan a ɗaukaka zuwa hukumar. Tikiti da katin shiga jirgi da rasit na duk abin da aka kashe a lokacin jiran su ne hujjar mai ƙorafi, don haka kada a yar da su sai an isa gida da kaya cikakku.